Na kai yarona kallon besbol a Niyok, ga yadda tafiyar ta kasance

Baban Sadiƙ, Baltimore:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da na saka hoton nan ranar Asabar mutane ke ta bi na ta bayan fage suna tambayar abin da ya kai ni filin Yankees, ƙungiyar besbol ta Niyok, ni da ko ƙwallon ƙafa ban damu da ita ba sai lokacin kofin duniya. Bari in ba da labarin a nan kowa ya ji.

Alkawari na cika. Sadiƙ shekararsa 11, kuma tun bara ya shiga ƙungiyar besbol ta yaran unguwarmu. Na ce masa in ya haddace izu biyu kafin a ba da hutun makaranta, ya faɗi abin da yake so. Na ɗauka keke zai ce. Da ya kawo haddar, sai ya ce so yake ya ga Orioles, ƙungiyar garinmu, tana wasa a gidan Yankees da ke Bronx. Ya ƙara da cewa ni yake so in kai shi, ba kawunsa ba. Wannan maganar ta tsaya mini a rai, don kawun ne ke kai shi atisaye duk Asabar, ni ina wurin aiki.

Mun tashi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bas muka shiga, awa huɗu da ɗoriya saboda cunkoso a bakin shiga gari. Daga Manhattan muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba 4 zuwa gidan ɗan gwaggona. Daf da tashar titi na 161 jirgin yake fitowa daga rami ya hau gada, sai ga filin a gabanka kamar an ɗaga labule. Yaron nan ya manna goshinsa a gilashi, bai ce uffan ba har muka wuce.

Wasan ƙarfe ɗaya da 'yan mintuna ne ranar Asabar, amma tun sha ɗaya da rabi muna ƙofa. Tikiti a waya yake. Ana duba jaka, kuma ba a shiga da babba. Matar ɗan'uwana ta ƙulla mana burodi da dambun nama a farar leda, da gorar ruwa da ba a buɗe ba, aka bar mu muka shiga da su. Kujerunmu can ƙololuwa suke, masu araha. Da muka fito daga matattakala na ga ciyawar nan kore shar, an yanke ta layi-layi, da jar ƙasa a tsakiya an share ta tas, ni ma sai da na tsaya.

Sharaɗi ɗaya na gindaya masa. Na ce ni na biya kuɗin shiga, shi kuma zai biya ni da bayani, kuma da Hausa. Hausarsa ta yi rauni, in kakarsa ta kira daga Zariya "lafiya lau" kawai yake iya cewa ya miƙo mini waya. To ranar nan sai da ya yi kusan awa uku yana ƙoƙarin magana da ni da Hausa. Inda bai san kalma ba sai ya ƙirƙira. Wanda aka fitar, "ya mutu". Wuraren nan da ake tsayawa, "tasha". Can sai ya kama hannuna ya ce, "Baba duba, wancan zai yi sata." Ashe mai gudu ne zai zarce tasha ta gaba kafin a ankara, kuma halal ne a dokar wasan. Ya sayi takardar rubuta sakamako da fensir, duk abin da ya faru sai ya rubuta da lambobi, yana nuna mini.

Orioles ba su yi nasara ba, ya ɗan yi shiru a hanyar fita. Ranar Lahadi muka shiga jirgin ruwan Staten Island, wanda kyauta ne, muka hango mutum-mutumin 'yanci, muka ci abinci a Harlem, da yamma muka kamo hanya. Duka-duka na kashe abin da ya kusa dala 400. Ban yi da-na-sani ba.

Maman Hanifa, Columbus:
Wa alaikumus salam. Masha Allah, Allah ya raya Sadiƙ, ya albarkaci haddarsa. Wallahi wurin "ni yake so in kai shi" ya sa ni ƙwalla.

Ɗan Fagge, Kano:
Yaya, mu da muke gida ku taimaka mana. Hular nan mai N da Y a haɗe ta cika Kantin Kwari da Sabon Gari, ni kaina ina da ita, sai yau na san ta ƙungiyar wasa ce. Na taɓa cin karo da wasan a talabijin, na ga mutum ɗaya na jifa, ɗaya na riƙe da kulki, saura suna tsaye kamar masu jiran mota. Yaya ake ci? Kuma yaushe ake tashi?

Yaron Zango, Bronx:
Baban Sadiƙ, ka shigo unguwarmu ba ka neme mu ba! Daga gidana zuwa filin nan tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa. Da ka ci waken Kumasi da tuwo a gidanmu. Na bi ka bashi.

Ɗan Fagge, bari in gwada da kalmomin Sadiƙ, don sun fi nawa. Kowace ƙungiya mutum tara ne a fili. Ana yin zagaye tara. A kowane zagaye ƙungiya ɗaya tana bugu, ɗaya tana tsaro, in mutum uku na masu bugu suka mutu sai a yi musanya. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai bugu ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18 da 'yan kai. Ƙwararru suna jefa ta da gudun da ya kai kilomita 150 a awa, ba ta cika rabin daƙiƙa ba ta iso. In mai bugu ya kuskure sau uku, ko ya ƙyale jifa mai kyau ya wuce, ya mutu. In mai jifa ne ya baude sau huɗu, an ba mai bugu tasha ta farko kyauta. In ya buga ta, sai ya jefar da kulki ya ruga. Tasha uku ce, ta huɗu ita ce gida inda ya taso, tsakanin kowace ƙafa 90. Duk wanda ya zagayo ya taka gida, ci ɗaya ke nan. In aka cafe ƙwallon a sama kafin ta taɓa ƙasa, ko ta riga shi isa tasha, ya mutu. In kuwa ya maka ta ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo, shi da duk wanda ke kan tasha sai su taho gida a tsanake.

Babu agogon tashi kamar minti 90 na ƙwallon ƙafa, kuma babu canjaras. In an gama tara ana kunnen doki sai a ƙara zagaye har wani ya yi gaba. Abin da zai nuna maka wuyar wasan shi ne, wanda ke samun bugu mai kyau sau uku cikin goma, gwani ne ana ji da shi.

Alhaji Mai Shago, Silver Spring:
Salamu alaikum. Baban Sadiƙ, ka san ina ƙaunarka, kuma ka san ba na ɓoye abin da ke cikina. Ban ji daɗin wannan tafiya ba. Yaro ya haddace izu biyu na Alƙur'ani, ladan da za a ba shi shi ne a kai shi wurin da ake yawo da giya a kofi ana miƙa ta bisa kan mutane? Shekarata 26 a ƙasar nan, na san yadda filayen nan suke. Sannan dala 400. Ka juya ta zuwa naira ka ga buhu nawa za ta saya wa 'yan'uwa a Zariya a wannan tsadar. Mu da muka zo nan neman abin rufin asiri muka zo. Ina tsoron ranar da 'ya'yanmu za su san sunan kowane ɗan wasa amma ba su san sunan kakansu na uku ba.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Alhaji, ranku ya daɗe, a kan kuɗi ina tare da ku rabi. Ni direban tirela ne, na san yadda dala ke shigowa da gumi. Amma akwai hanya mai sauƙi. Nan garinmu akwai ƙaramar ƙungiya, Grasshoppers, inda Pittsburgh Pirates ke renon matasan 'yan wasanta. Kuɗin da mutum ɗaya zai biya a Niyok zai shigar da iyali gaba ɗaya a nan, kuma kana zaune kusa har kana jin ƙarar ƙwallo in ta faɗa safar mai cafewa. Kusan kowane yanki na ƙasar nan akwai irinsu. Ba sai an je Bronx ba.

Baban Sadiƙ, Baltimore:
Alhaji, Allah ya ƙara girma. Maganarku ta uba ce, kuma ba zan musa abin da yake gaskiya ba. Akwai giya. Mutumin da ke gefena na hagu kofi biyu ya sha kafin zagaye na huɗu. Sai na yi musanyar kujera da Sadiƙ, na zauna tsakaninsu. Bai yi mana rashin mutunci ba, har ma da ya ji muna wani yare ya tambaye ni daga ina muke. Can wajen ƙarshen wasa ake daina sayarwa. Sadiƙ ya tambaye ni me ya sa suke sha da rana tsaka, na ba shi amsar da zan iya. Alhaji, yaron nan a makarantar gwamnati yake, a bas ɗin makaranta yana jin abin da ya fi wannan. Na gwammace ya ga abin ina zaune kusa da shi, ya tambaye ni, da ya gan shi yana shekara 17 tare da abokai.

Maganar gida kuwa, kun san ba na fashin aike duk wata, na wannan watan ma ya tafi kafin mu tashi. Wata huɗu ina ware wannan kuɗin daga aikin ƙarin lokaci. Kuma ku dubi abin da na samu. Shekara nawa ina yi masa faɗa ya yi Hausa, yana noƙewa don yana jin kunyar kuskure. Ranar nan shi ne malami ni ne ɗalibi, sai kunyar ta tafi. Da aka kashe mutum biyu a bugu ɗaya, ya rubuta 6-4-3 a takardarsa, ya ce mini kowane mai tsaro yana da lambarsa, daga mai jifa 1 har zuwa 9, wato na shida ya jefa wa na huɗu, na huɗu ya jefa wa na uku. Ya maimaita mini sau uku har na gane, bai gaji ba.

Maman Hanifa, Columbus:
Alhaji, ku yi mini haƙuri in sa baki. Mu iyaye mata mu ne muke ganin abin da ke faruwa a ɗakin yaran nan. Uba ya fita tun asuba, ya dawo sun yi barci, ranar hutu kuma yana waya da gida ana lissafin gini. Yaro ya tashi bai san ubansa ba sai a faɗa. Hanifa tana buga irin na mata, mai babbar ƙwallo da ake jefowa ta ƙasa, da hijabinta a ƙarƙashin hular kwano. Babanta sau ɗaya ya je kallo, amma har yau tana ba da labarin ranar. Sunan kaka na uku da kuke magana, a bakin wa za su ji shi in ba a zauna da su ba? Wasan nan yana da tsayi, akwai jira tsakanin jifa da jifa, dole mutum ya yi hira da na kusa da shi. Ni abin da ya sa nake son sa ke nan.

Malamin Islamiyya, Philadelphia:
Assalamu alaikum. Tambaya ɗaya gare ni Baban Sadiƙ, yaya kuka yi da azahar? Wasan ƙarfe ɗaya ya faɗo daidai shigar lokaci.

Baban Sadiƙ, Baltimore:
Allah ya gafarta Malam, na duba jadawali tun kafin in sayi tikiti. A wannan lokaci na zafi azahar tana shiga wajen ƙarfe ɗaya, la'asar kuma sai kusan biyar. An tashi wasa kafin huɗu, muka taka zuwa wani masallaci na mutanenmu na Afirka ta Yamma, muka yi azahar a cikin lokacinta, muka jira la'asar muka bi jam'i. Amma ranar Juma'a da dare da ranar Lahadi na yi ƙasaru. Ina fata ban yi kuskure ba.

Malamin Islamiyya, Philadelphia:
Madalla da ka duba lokaci kafin kuɗi. Game da ƙasaru, nisan ya kai, don a Malikiyya mil 48 ne, tsakaninku da Niyok kuwa ya kusa mil 190. Inda maganar take shi ne dalilin tafiya. Malamanmu sun ce wanda ya yi tafiya don saɓo ba ya ƙasaru, wanda kuma ya yi ta don wasa zalla, ƙasaru makaruhi ne a gare shi, amma in ya yi sallarsa ta yi. Kai kuwa ka sauka gidan ɗan'uwa ka sada zumunci, kuma ka cika wa ɗanka alkawari. Ban ga laifi a abin da ka yi ba. Shawarata ga masu niyya, ku zaɓi wasan rana irin wannan. Na dare yana farawa wajen ƙarfe bakwai, magariba takan riske ku a ciki, sai an nemi lungu.

Ɗan Fagge, Kano:
Na fara ganewa. Amma awa uku ana abu ɗaya? Kuma su waye Ronaldo da Messi na wasan?

Yaron Zango, Bronx:
Da ma ya fi haka tsawo. A 2022 wasa yakan haura awa uku, sai a 2023 aka kawo agogon jifa, aka ba mai jifa daƙiƙa 15 in babu kowa a tasha, sai tsawon wasa ya dawo wajen awa biyu da minti 40. Kuma ka sani kusan kullum ake yi. A babbar gasar ƙungiya 30 ce, an raba su rukuni biyu, kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kafin a shiga na fitar da zakara a Oktoba.

A nan Bronx sarkin shi ne Aaron Judge, mai lamba 99, dogo ne ya haura mita biyu. A 2022 ya maka ƙwallo ta tsallake katanga sau 62, ya karya tarihin rukuninsu da Roger Maris ya kafa da 61 tun 1961. A ƙarshen shekarar ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 360 na shekara tara. Ɗayan kuma Shohei Ohtani ne, ɗan Japan da ke Los Angeles Dodgers, wanda yake jifa kuma yake bugu, abin da aka daɗe ba a gani ba tun zamanin Babe Ruth, shahararren ɗan wasan da. Yankees sun ɗauki kofi sau 27, babu mai ko rabin haka, amma rabonsu da shi tun 2009, shekarar da aka buɗe wannan sabon filin. A 2024 sun kai wasan ƙarshe Dodgers suka doke su.

Baban Sadiƙ, ina fata kun leƙa tsallaken titi. Inda tsohon filin na 1923 yake, yanzu filin wasan jama'a ne, yaran unguwa ke bugawa kyauta, yawancinsu 'yan Jamhuriyar Dominika. A wannan wurin Muhammad Ali ya dambace da Ken Norton a 1976. A nan kuma Nelson Mandela ya yi wa jama'a jawabi a 1990, wata huɗu bayan fitowarsa daga kurkuku, aka sa masa hula da rigar Yankees. Akwai allon tunawa da shi a cikin sabon filin, a wurin da suke ajiye tarihin manyansu bayan katangar tsakiya.

Baban Sadiƙ, Baltimore:
Mun ga allon Mandela, don shi ya sa muka yi sammako, ana rufe wurin kafin a fara wasa. Kuma mun tsaya a filin yaran bayan la'asar. Sadiƙ ya je da safarsa, wani yaro ya jefo masa, suka yi ta jifa da cafewa kusan minti ashirin ba su san sunan juna ba.

Abin da ya burge ni a ciki shi ne farkon wasa. Mutanen da ke kujerun bayan katangar dama suka miƙe suna tafi suna kiran sunan 'yan wasansu ɗaya bayan ɗaya, ba sa barin suna sai mai shi ya juyo ya ɗaga musu hannu. Sai a tsakiyar zagaye na bakwai kowa ya miƙe tsaye a miƙe ƙafa, fili gaba ɗaya ana waƙa. Da Judge ya fito bugu kuwa, ko mai sayar da gyaɗa sai da ya juyo.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
Ni tambayata, akwai namu a ciki? In na kunna ƙwallon kwando ina ganin 'yan Najeriya da Kamaru, a ƙwallon Amurka ma haka. A besbol ban taɓa jin sunan gida ba.

Maman Hanifa, Columbus:
Kaɗan ne ƙwarai. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu shi ne baƙar fata haifaffen Afirka na farko da ya buga a babbar gasar, a 2017, kuma Pirates ɗin nan taku ce ta fito da shi. Su kansu baƙaƙen Amurka sun ragu, daga wajen 18 cikin 100 a farkon shekarun 1990 zuwa wajen 6 cikin 100 yanzu. Ni na san dalili ɗaya don ina biya: tsada. Kulki mai kyau, safar hannu, takalmi, sannan in yaro ya fara ƙwarewa sai an shiga ƙungiyar da ke yawo gari-gari, kuɗin mai da masauki duk a kan iyaye. Ƙwallon kwando kuwa ƙwallo ɗaya ta ishi yara goma.

Amma tarihin wasan ba ya cika sai da baƙar fata. Har 1947 ba a yarda su buga a babbar gasar ba, nasu rukunin daban suke da shi. Jackie Robinson ne ya fara shiga, da Brooklyn Dodgers, ya sha zagi da barazana bai rama ba. A 1997 aka ajiye lambarsa, 42, a dukkan ƙungiyoyi, kuma duk ranar 15 ga Afrilu kowane ɗan wasa ita yake sawa. Akwai gidan tarihinsa a Manhattan da aka buɗe a 2022. Baban Sadiƙ, in kun koma ku kai shi can. Yaranmu da ake kallon fatarsu a makaranta suna bukatar wannan labarin.

Alhaji Mai Shago, Silver Spring:
Na karanta duka. Maman Hanifa, maganarki a kan iyaye maza gaskiya ce, kuma ta taɓa ni, don nawa sun girma ina bayan kanta. Baban Sadiƙ, na janye maganar kuɗi, guminka ne kuma ka sauke haƙƙin gida. Amma akwai abin da ban janye ba, kuma ya fi giya damuna: caca. Tun da kotun ƙoli ta buɗe ƙofa a 2018, tallar caca ta shiga kowane wasa, a allon fili, a talabijin, a waya. Ina da abokin ciniki da ɗansa ɗan jami'a ya cinye kuɗin makarantarsa a wayar hannu, a ɗakinsa, ba wanda ya sani sai da takardar bashi ta zo. Da son wasa ya fara, da sanin lambobin kowane ɗan wasa, har ya ga kamar zai iya hango wanda zai ci. Yaron da ke rubuta 6-4-3 yana shekara 11 irinsa suke nema in ya kai 21. Su kansu masu wasan sun san dafinta, shi ya sa suka kori Pete Rose a 1989, mutumin da ya fi kowa yawan bugu a tarihinsu. Wannan nake so ka sa wa ido.

Baban Sadiƙ, Baltimore:
Alhaji, wannan ban yi tunaninsa ba, kuma na ga tallar da idona ban ɗauke ta komai ba. Na gode. Zan zauna da shi a kan maganar tun yanzu, kuma wayar da yake kallon sakamako a kai tawa ce, haka za ta ci gaba da zama.

Yaron Zango, Bronx:
Alhaji ya faɗi gaskiya, a nan Niyok ma ta cinye samari da yawa, har da namu na zango.

Baban Sadiƙ, abin da ban gane ba, kana da Camden Yards a garinku, filin Orioles da tun da aka buɗe shi a 1992 ake kwaikwayonsa a ko'ina. Babe Ruth da ya ɗaga sunan Yankees ma a Baltimore aka haife shi a 1895, gidan yana nan kusa da filin an mai da shi gidan tarihi. Ka taɓa shiga?

Baban Sadiƙ, Baltimore:
Ban taɓa ba. Shekara tara ina wuce shi a mota. Sadiƙ ya je sau biyu da kawunsa. A bas muna dawowa yake ba ni labarin Cal Ripken, wanda ya buga wa Orioles wasa 2,632 a jere daga 1982 zuwa 1998 bai yi fashin ko ɗaya ba. Na ce masa wannan ko a gona ya yi suna. Ya tambaye ni yadda kakansa yake noma, muka shiga labarin Zariya har muka wuce Delaware. Jiya da kakarsa ta kira, shi ya karɓi wayar ya ce mata, "Hajiya, mun je kallon wasa, mutanenmu sun mutu da yawa." Sai da na karɓa na yi mata bayani, hankalinta ya tashi. Amma sun yi minti goma suna magana, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ɗan Maraɗi, Greensboro:
To ku sa rana mana. In lodina ya biyo ta babban titin I-95 zan tsaya. A samu wasan rana na Lahadi a Camden, a sayi kujeru a jere, kowa ya zo da yaransa da abincinsa.

Maman Hanifa, Columbus:
Mu awa bakwai ne a mota, amma in an sa cikin hutun makaranta za mu zo. Ni zan yi cincin da zoɓo, sai dai a tambaya ko suna barin shiga da abin sha na gida.

Alhaji Mai Shago, Silver Spring:
Ni dai babban fili ba da ni ba, ina nan a kan bakana. Amma Baban Sadiƙ, yaushe shi yaron yake buga nasa? Wannan zan zo in gani, in kuma ji haddar da bakinsa.

Baban Sadiƙ, Baltimore:
Asabar mai zuwa ne Alhaji, ƙarfe tara na safe, a filin makarantar da ke bayan gidanmu. Na riga na nemi canjin aiki zuwa yamma. Ku taho da kujerar naɗewa don bencin ƙarfe ne kuma rana na dukansa. Shi ne mai tsaron tasha ta biyu, lamba 4 a takardar. Zan turo muku adireshin ta waya.